Yadda na mayar da faya-fayan VM kan ma'ajiyar da sabobi uku suka haɗu suna riƙe wa

A wurin aikinmu muna da sabobi uku, wato manyan kwamfutocin da ke yi wa sauran hidima, kowace tana ɗauke da kwamfutocin kwaikwayo, waɗanda ake kira VM, a kan manhajojin KVM da QEMU masu gudanar da su, manhajar libvirt kuma ke jan ragamarsu. Faifan kowace VM fayil ne guda ɗaya ƙato da ke zaune a cikin sabar da take gudana a kai. Muddin komai lafiya, tsarin ba shi da aibu. Amma duk ranar da saba ɗaya ta buƙaci a sake kunna ta don sabunta manhaja, ko a buɗe ta a canza wani abu, dole duk VM ɗin da ke kanta su kwanta, mu bi mutane muna ba su haƙuri. In kuwa mutuwa ta yi ɗungurungum, faya-fayan sun tafi da ita, sai abin da aka kwafe daren jiya. Abin da muke nema shi ne wuri ɗaya da sabobin uku za su riƙa gani tare, yadda VM za ta tashi daga wannan saba ta koma waccan ba tare da an kashe ta ba. Bayanan da na samu a lokacin a warwatse suke, wasu na tsohon siga ne, wasu kuma an rubuta su ne don masu ajiye hotuna da takardu, ba masu ajiye faifan VM ba. Shi ya sa na ga ya dace in jera yadda aikin ya gudana a hannuna daga farko.

Matakin farko ba a gaban kwamfuta aka yi shi ba, a ofishin shugaban sashenmu aka yi. Na shiga da takarda mai ɗauke da hanyoyi biyu. Ta farko a sayi akwatin ajiya guda ɗaya wanda sabobin za su riƙa kaiwa gare shi ta hanyar sadarwa, da NFS ko iSCSI. Ta biyu a haɗa faya-fayan sabobin uku su zama ma'ajiya guda, kowane bayani a rubuta shi a wuri uku. Ya duba ya ce, "Malam, ta biyun nan nawa za ta ci?" Na ce, "Ranka ya daɗe, duk terabait 3 da aka saya, 1 kawai za mu mora. Sauran biyun kwafi ne." Ya yi shiru, sannan ya tambayi abin da ya hana mu ɗaukar ta farko. Na ce masa akwati ɗaya idan ya tsaya, duk VM ɗin sabobi ukun ne za su tsaya lokaci guda, wato mun tara ƙwanmu a wuri ɗaya fiye da yadda muke yanzu, sai dai in za a sayi mai kawuna biyu, shi kuma kuɗinsa daban ne. Ya amince da sharaɗin in rubuta abin da zai faru idan saba ɗaya ta faɗi, da abin da zai faru idan biyu suka faɗi, da yadda za mu koma tsohon tsari in abin bai yi ba. Wannan sharaɗin nasa shi ya fi komai amfani a aikin gaba ɗaya, domin shi ya tilasta mini gwada faɗuwa kafin in gwada gudu. A jerin kayan da na nema, ban da faya-fayai, akwai katin sadarwa mai gigabit 10 ga kowace saba da suwic, wato na'urar da ke haɗa wayoyin sadarwa, na daban don zirga-zirgar ajiya kawai. Ofishin sayayya ya dawo da takardar yana tambayar me ya sa gigabit 1 da muke da shi ba zai isa ba. Na amsa musu da lissafi: gigabit 1 bai wuce megabait 125 a daƙiƙa ba ko da babu asarar komai, kuma a tsarin da nake tunanin amfani da shi mai rubutu ne da kansa ke aika kwafin ga kowace saba, saboda haka wannan ɗan adadin ma sai an raba shi. Daga nan sai jira.

A lokacin jiran ne na yanke shawara tsakanin Ceph da GlusterFS, manhajoji biyu masu haɗa faya-fayan sabobi su zama ma'ajiya guda. Ceph, wanda Sage Weil ya faro a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Cruz aka kuma gabatar da shi a 2006, yana da hanyar da aka gina musamman don faifan VM mai suna RBD, wadda ke yanka faifai zuwa gutsattsari masu megabait 4 ta watsa su. Ya fi ƙarfi idan sabobi suna da yawa, amma yana da sassa da dama da sai an koye su, kuma kowane faifai yana da manhajarsa mai neman kusan gigabait 4 na ƙwaƙwalwa. GlusterFS, wanda Red Hat ya saya a 2011, ba shi da wata saba ta daban mai riƙe rajistar inda fayiloli suke. Yana ɗora kansa ne a kan tsarin fayil na yau da kullum, kowane wurin ajiya a kan saba ana kiransa bulo, a haɗa bulo uku su zama ma'ajiya. Mu biyu ne kawai ke kula da sabobin nan, ga sauran ayyuka, sai na ɗauki wanda za mu iya fahimtarsa da tsakar dare idan an tashe mu daga barci, wato GlusterFS. Na kafa ƙananan VM uku a kwamfutata na mayar da su wurin gwaji, ina kashewa ina tayarwa har kayan suka iso.

A wannan gwajin ne na gane abin da ya bambanta faifan VM da sauran fayiloli, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali. Takarda ko hoto ana rubuta shi sau ɗaya a rufe. Faifan VM kuwa fayil ne mai ɗaruruwan gigabait da ke buɗe dare da rana, ana rubuta ƙananan abubuwa a tsakiyarsa nan da can babu tsayawa. Sannan manhajar da ke cikin VM ɗin ba ta san akwai wata hanyar sadarwa a ƙarƙashinta ba. Ita a ganinta faifai ne na gaske a maƙale da ita, idan ta ce a tabbatar an rubuta, ta yarda an rubuta, idan kuma amsa ta yi jinkiri sai ta ɗauka faifan ya lalace. Ma'ajiyar da ke da kyau ƙwarai wajen riƙe miliyoyin takardu tana iya zama masifa ga fayil irin wannan idan ba a saita ta don shi ba.

Da kayan suka zo, shirya sabobin bai ba ni wahala ba, amma akwai ƙananan abubuwa da kowannensu zai iya cinye wa mutum yini. Na tsara faya-fayan da tsarin fayil na XFS da umarnin mkfs.xfs -i size=512, domin GlusterFS yana ajiye bayanansa na sirri a jikin kowane fayil, kuma yana son su samu wuri a cikin inode ɗaya, wato ɗan wurin da ake riƙe bayanin fayil. Na tabbatar kowace saba tana gane sunan 'yar'uwarta a kan adireshin sabuwar hanyar gigabit 10, ba tsohuwar ba, domin da sunan da aka gabatar da saba da shi za a ci gaba da nemanta. Na daidaita agogonsu da chrony. Na buɗe ƙofa ta 24007 ta manhajar gudanarwa, da jerin ƙofofin da ke farawa daga 49152 na bulo. Inda na fi daɗewa shi ne girman fakitin sadarwa. Na ɗaga MTU, wato iyakar girman fakiti, zuwa 9000 a sabobin, sai ga shi sabobin suna gaisawa lafiya amma babban kwafi yana maƙalewa a hanya. Ashe suwic ɗin ma sai an faɗa masa. Hanyar tabbatarwa ita ce ping -M do -s 8972 daga kowace saba zuwa kowace, in ya wuce ba a farfasa shi ba to hanyar a buɗe take tun daga farko har ƙarshe.

Wajen ƙirƙirar ma'ajiyar, abokin aikina ya kawo shawarar da kowa ke kawowa: me zai hana mu yi kwafi biyu, mu samu rabin wurin maimakon kashi ɗaya cikin uku? Na gwada masa a wurin gwaji. Manhajar da kanta sai da ta yi gargaɗi kafin ta amince, cewa kwafi biyu yana da saurin faɗawa rabuwar kai. Yadda abin ke faruwa shi ne, saba ta farko ta ɓace na ɗan lokaci ana rubutu a ta biyu, kafin ta farkon ta gama cike giɓinta sai ta biyun ta ɓace ana rubutu a ta farko. Yanzu kowace tana da abin da ɗayar ba ta da shi, kowace tana zargin 'yar'uwarta da zama a baya, babu na ukun da zai raba gardama. A fayil na rubutu mutum zai iya buɗe biyun ya haɗa da hannu. A faifan VM babu wannan, sai dai ka zaɓi ɗaya ka zubar da ɗaya, tare da duk abin da aka rubuta a cikinsa. Da kwafi uku kuwa ana bin rinjaye: ba a karɓar rubutu sai aƙalla biyu cikin uku suna nan, wanda ya rage shi kaɗai ba a ba shi damar yin gaban kansa. Akwai tsaka-tsaki ga wanda wuri ya yi wa ƙaranci, wato bulo na uku ya zama alƙali, mai riƙe sunayen fayiloli da bayanin wanda ke kan daidai ba tare da ainihin abin da ke cikinsu ba. Yana hana rabuwar kai, amma kwafin bayanai biyu ne kawai, kuma akwai yanayin da zai dakatar da rubutu gaba ɗaya idan kwafi mai kyau guda ɗayan ne ya ɓace. Tunda an riga an saya mana faya-fayan, na tsaya kan replica 3 cikakke.

Kafin in saka ko fayil ɗaya na ba da umarnin gluster volume set, sunan ma'ajiyar, sannan group virt. Wannan layi ɗaya yana kunna tarin saituna da aka tanada don faifan VM: yana kashe wasu dabarun riƙe bayanai a ƙwaƙwalwa da ke taimakon ƙananan fayiloli amma suke da haɗari a nan, yana kunna bin rinjaye, yana kuma kunna yanka fayil gunduwa-gunduwa, wato features.shard, wanda ya shigo da siga ta 3.7 a 2015. A kan wannan na ƙarshen zan ɗan daɗe, domin shi ne bambancin tsarin da zai rayu da wanda zai durƙushe ranar farko da saba ta faɗi. Idan babu shi, faifai mai gigabait 200 fayil ɗaya ne a kan kowane bulo. Saba ta tafi na minti biyar ta dawo, sai tsarin ya bi wannan ƙaton fayil daga farko har ƙarshe don ya gyara shi, kamar a sa mutum ya sake kwafe littafi sukutum don an canza masa layi ɗaya. Yana wannan aikin faya-fayai da hanyar sadarwa suna cike, VM ɗin suna jan ƙafa. Idan an kunna shi da gunduwa mai megabait 64, faifan nan ya zama gunduwa 3200, waɗanda aka taɓa a cikin minti biyar ɗin kawai za a gyara. Gunduwar farko tana zama a inda sunan fayil yake, sauran suna cikin ɓoyayyen wuri mai suna .shard a kan bulo, shi ya sa in ka leƙa bulo kai tsaye za ka ga faifan gigabait 200 ya koma megabait 64, kada gabanka ya faɗi. Abu biyu ne a kiyaye. Fayil ɗin da ya riga ya shiga kafin a kunna yankan ba ya yankuwa da kansa, sai an sake kwafo shi. Sannan da zarar an kunna an zuba bayanai, ba a kashewa har abada, domin kashe shi yana sa tsarin ya daina ganin sauran gunduwoyin, VM ta wayi gari da guntun faifai. Na rubuta wannan da manyan baƙaƙe a takardar miƙa aiki.

Haɗa ma'ajiyar da QEMU hanya biyu ce. Ko dai a ɗora ta kamar kowace folda ta hanyar da ake kira FUSE, QEMU ya ga fayil kamar yadda ya saba, ko a bi ta libgfapi wanda QEMU ya samu tun siga ta 1.3 a 2012, ya yi magana da bulo kai tsaye. Na ɗauki FUSE don sauƙin bincike idan matsala ta taso da kuma don kayan aikin kwafi su riƙa ganin fayilolin. VM ta farko ta ƙi tashi da ƙorafin rashin izini, har sai da na saita storage.owner-uid da storage.owner-gid suka dace da lambar mai amfanin da QEMU ke gudana da sunansa, kuma lambar dole ta zama iri ɗaya a sabobin uku. A layin ɗora ma'ajiyar na ƙara backup-volfile-servers da sunayen sauran biyun. Sunan sabar da ake rubutawa a layin, amfaninsa karɓo taswirar ma'ajiyar ne kawai a lokacin ɗorawa, amma idan ita ce a kwance lokacin da wata ke tashi, ba tare da madadin nan ba ɗorawar ba za ta yiwu ba.

Gwajin gudu ya fara da faranta mini rai. Na kwafi babban fayil da dd, lambobin suka fito masu kyau. Sai na kawo manhajar gwajin faifai mai suna fio na sa shi ya yi irin rubutun da rumbun bayanai ke yi, kilobait 4 nan da can, kowane rubutu a jira tabbaci kafin na gaba. Lambobin suka zube warwas, jikina ya yi sanyi. Da na zauna na yi lissafi sai na ga ba wani abu ne ya lalace ba, haka tsarin yake. Kowane rubutu sai ya je saba uku ya dawo da amsa, kuma mafi jinkirinsu ake jira. Idan zuwa da dawowa ya ci kashi 2 cikin 1000 na daƙiƙa, mai rubutu ɗaya ba zai wuce 500 a daƙiƙa ba, komai faɗin hanyar. Faifai mai juyawa kuma da ma bai cika wuce rubutu 100 da 'yan kai a daƙiƙa ba idan ana tsalle-tsalle. Faɗin hanya yana taimakon babban kwafi, amma VM jinkirin kowane rubutu take ji a jikinta. Na koma ofishin shugaba da wannan sakamakon na roƙi a mayar da bulo kan SSD, wato faya-fayai marasa juyawa, irin na sabobi, masu ajiyar wuta a ciki da ke ba su damar amsa tabbaci nan take ba tare da haɗarin asara ba. Wannan ya sake jawo takarda da jira, amma bambancin da ya kawo ya fi na duk saitunan da na taɓa a haɗe. Na kuma gwada nau'o'in fayil ɗin faifan guda biyu, raw da qcow2. Raw ya fi sauƙi da ɗan sauri. Shi kuma qcow2 yana da nasa teburin ciki da yake sabuntawa duk lokacin da faifan ya girma, wato ƙarin rubutu a kan hanya mai jinkiri, amma ƙirƙirarsa da preallocation=metadata ya rage wannan sosai. Na bar qcow2 ga yawancin VM, raw ga masu yawan rubutu. Dukkansu na sa musu cache=none, don kada rubutu ya tsaya a ƙwaƙwalwar saba ɗaya alhali VM ɗin na shirin ƙaura zuwa wata.

Sai ranar cika sharaɗin shugaba. Na tayar da VM na gwaji iri-iri, na sa su aiki, na je bayan saba ta uku na zare wayar sadarwarta. Komai ya tsaya cak. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya motsa. Na tsaya ina kallon agogo zuciyata na bugawa, har daƙiƙa 42 suka cika, sannan aiki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wannan adadin shi ne network.ping-timeout, lokacin da ake ba saba kafin a yanke hukuncin ta tafi. VM masu faifan virtio, wato nau'in da aka yi musamman don VM, sun jure, sun daskare sun farfaɗo. Amma wata tsohuwa da aka haɗa mata faifai ta kwaikwayon SATA ta cika rajistarta da kurakurai, domin Linux yana ba irin wannan faifan daƙiƙa 30 ne kawai kafin ya fara ɗaukar mataki, kuma tsarin ext4 da aka ce masa errors=remount-ro yana iya kulle kansa ya koma karatu kawai idan kuskuren ya iso gare shi. Na mayar da irinsu kan virtio, na rage lokacin jiran ya koma ƙasa da 30. Ban rage shi sosai ba, domin in ya yi gajere da yawa, ɗan cunkoso kaɗan zai sa a riƙa korar saba mai rai, sake haɗuwa kuma aiki ne mai nauyi. A nan kuma na gano cewa kashewar da aka shirya ba ta buƙatar wannan daskarewar ko kaɗan. Idan aka fara tsayar da manhajojin bulo kafin a kashe sabar, sauran suna samun labari nan take. Akwai ɗan rubutun umarni da ke zuwa da manhajar don haka, mai suna stop-all-gluster-processes.sh. Da na zare waya ta biyu, rubutu ya tsaya gaba ɗaya kamar yadda aka tsara. Ganin haka ba daɗi, amma shi ne daidai, gara a tsaya da a rubuta abin da ba za a iya haɗawa ba.

Mayar da wayar ya buɗe wani babin jira. Umarnin gluster volume heal da info a ƙarshensa yana nuna jerin gunduwoyin da ke jiran gyara, na zauna ina maimaita shi ina kallon jerin yana raguwa. Ƙa'idar da ta fito daga nan ita ce ta fi kowace muhimmanci a aikin yau da kullum: idan ana sabunta sabobi ɗaya bayan ɗaya, ba a taɓa ta biyu sai jerin nan ya koma sifili a kowane bulo. Saba ta dawo ta kunna fitilunta ba ya nufin ta kamo 'yan'uwanta. Wanda ya yi gaggawar kashe ta gaba yana iya barin wata gunduwa da kwafi mai kyau guda ɗaya tak, VM mai ita kuwa ta tsaya.

Akwai haɗari guda da tsohon tsarinmu bai san shi ba. Tunda yanzu kowace saba tana ganin kowane faifai, ana iya tayar da VM ɗaya a wuri biyu bisa kuskure, biyun suna rubutu a fayil ɗaya, kuma cikin ɗan lokaci tsarin fayil ɗin da ke ciki ya dagule. QEMU yana kulle faifan da ya buɗe tun siga ta 2.10, na kuma kunna virtlockd na ajiye makullansa a wurin da sabobin uku ke gani. Na gwada da gangan na ga an hana ni, sannan hankalina ya kwanta.

Kwashe VM na gaske mun yi shi kashi-kashi, muka fara da waɗanda in sun tsaya babu mai kuka. Waɗanda za a iya kashewa na kashe su na kwafe da qemu-img convert, na gwada tsoho da sabo da qemu-img compare, sannan na tayar. Waɗanda ba a son su tsaya na bi da su ta virsh blockcopy, wanda ke kwafe faifan VM tana aiki sannan ya juya ta kan sabon. Tsofaffin fayilolin ban goge su ba sai da aka ɗauki lokaci ana aiki lafiya, domin su ne hanyar komawa da na yi alkawari a takarda. Ranar da na fara tura VM mai aiki daga saba zuwa saba, abokin aikina yana ciki yana rubutu bai ma lura ba, sai da na ce masa, "Malam, ka san ba a inda ka fara kake ba?" Na ji daɗin wannan ranar ƙwarai.

Bayan an zauna, abubuwa biyu suka nuna kansu. Na ɗaya cikar wuri. Faifan VM ba ya cin duk girman da aka ba shi sai a hankali, saboda haka yana da sauƙi a yi alkawarin wurin da ya fi wanda ake da shi. Idan ma'ajiya ta cika, QEMU yana dakatar da VM ɗin da ta nemi rubutu, kuma tunda ma'ajiyar ɗaya ce, za su riƙa tsayawa ne bi da bi a sabobin uku. Na sa ƙararrawa tun wurin bai kusa cika ba, na kunna discard=unmap tare da fstrim a cikin VM don abin da aka goge a ciki ya dawo da wurinsa a waje. Na biyu shi ne wani tunani da ya fara yawo a ofis, wai tunda kwafi uku ne an huta da kwafin ko-ta-kwana. Na tsaya tsayin daka a kan wannan. Wanda ya goge fayil bisa kuskure ya goge shi a wuri uku cikin ƙiftawar ido, haka ma manhajar ɓarna idan ta kulle bayanai. Kuma ba a kwafar faifan VM tana gudu a ce an yi ajiya. Hanyar da muke bi ita ce a sa qemu-guest-agent, wanda ke zaune a cikin VM, ya daskarar da rubutu na ɗan lokaci, a ɗauki hoton faifan yadda sabon rubutu zai koma wani fayil na gefe, a kwafe asalin zuwa wata na'ura da ba ta cikin ukun nan, sannan a mayar da na gefen cikin asalin da blockcommit. Lokaci-lokaci muna ɗauko kwafi ɗaya mu tayar da shi mu gani da idonmu.

Wanda zai bi wannan hanyar, ina ba shi shawara ya fara da tambayar abin da VM za ta gani a daƙiƙun da saba ta ɓace, da tsawon lokacin da gyara zai ci bayan ta dawo, kafin ya tambayi gudu. Ya saita komai ma'ajiya tana fanko, domin yawancin saitunan nan suna da sauƙi kafin a zuba bayanai, suna da haɗari bayan an zuba. Kada ya taɓa rubuta ko goge wani abu a kan bulo kai tsaye, komai ya bi ta inda aka ɗora ma'ajiyar. Kuma ba kowace VM ce ta dace da nan ba. Babban rumbun bayananmu na bar shi a kan faifan cikin saba, yana yin nasa kwafin zuwa wata saba da dabararsa, domin jinkirin rubutu uku ya fi yi masa illa fiye da amfanin ƙaura.

Ya kamata kuma mai farawa yau ya san inda GlusterFS ya kwana. Red Hat ya kawo ƙarshen tallafin nasa samfurin na kasuwanci a ƙarshen 2024, QEMU kuma tun siga ta 9.2 ya sanya hanyar libgfapi cikin abubuwan da za a cire nan gaba. Hanyar FUSE da muke kai ba ta dogara da wannan ba, ma'ajiyarmu tana aiki, amma na riga na kai wa shugaba takarda ta gaba. Na kafa Ceph a wurin gwaji, faya-fayan VM a kan RBD, tsarin fayil ɗinsa mai suna CephFS kuma don fayilolin girka manhaja kawai, kuma zare waya ne gwajin farko da ke cikin jadawalin.